Garwashi a Ƙarƙashin Toka: Yadda Ake Gano Taurarin da Ke Mutuwa, da Abin da Ya Haɗa Hakan da Batsari da Safana

Duk wanda ya taso a Batsari ko Safana ya san abin da hazon hunturu ke yi wa sararin sama. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙurar Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a kan yankin har rana ta koma kamar farin faifai, taurarin dare kuma su dusashe. Haka nan duk wadda ta taɓa tarar da toka ta rufe murhu da asuba ta san ba sai ta ga jan garwashi ba kafin ta tabbatar da sauran wuta. Kai hannu kusa kawai ya isa.

Wannan ɗumin da hannu ke ji haske ne, irin wanda ido ba ya gani. Masana suna kiransa infared, kuma da shi suka warware wata tambaya da ta daɗe tana ɗaure wa masu ilimin falaki kai: me ke samun tauraro irin rana a ƙarshen rayuwarsa, lokacin da ya lulluɓe kansa da ƙurar da ya fitar, ya ɓace wa na'urorin hangen nesa? Amsar ta shafi asalin sinadarin kabon da ke jikin mutum da ƙasar noma, ta shafi makomar ita kanta rana. Fasahar da ta kawo amsar kuwa 'yar'uwa ce ga wadda ake karanta hotunan ƙauyukan da aka ƙone a arewacin Najeriya da ita.

Hasken da ke bayan ja

A shekarar 1800, William Herschel, masanin falaki haifaffen Jamus mazaunin Ingila, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku har ya rabu zuwa launukan bakan gizo. Ya riƙa auna zafin kowane launi. Da ya gusar da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙaru. Ta haka aka gane cewa akwai haske a bayan iyakar gani.

Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tsawon igiyar ne ke bambanta wani da wani. Ana auna tsawon da maikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Idon mutum yana gani daga maikron 0.4 zuwa 0.7. Daga nan infared ke farawa, ya miƙa har ɗaruruwan maikron. Shi ne ke fita daga bakin rimot ɗin talabijin, shi ne kuma na'urar da aka riƙa haska wa mutane a goshi lokacin annobar korona take aunawa.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane abu yana fitar da haske gwargwadon zafinsa. Fuskar rana tana da zafin digiri kusan 5,500 a ma'aunin Salshiyas, don haka mafi ƙarfin haskenta yana wajen maikron 0.5, inda ido ke gani. Jikin mutum mai digiri 37 yana haskawa a wajen maikron 10. Ƙurar sararin sama mai sanyin digiri 120 ƙasa da sifili tana haskawa a wajen maikron 20.

Abubuwa biyu suka sa infared ya dace da binciken taurari masu ƙura. Na farko, ƙananan ƙwayoyin ƙura suna tare gajerun igiyoyin haske, amma dogaye suna wuce su da sauƙi. Na biyu, ƙurar da ta shanye hasken tauraro ba ta riƙe shi, takan ɗumama ta mayar da shi waje a matsayin infared. Matsalar kawai ita ce tururin ruwan da ke cikin iskar duniya yana shanye yawancin wannan haske, shi ya sa ake kai na'urorin kan busassun tsaunuka irin Mauna Kea na Hawai da hamadar Atakama ta Chile, ko a harba su sararin samaniya.

Tsufan tauraro

Tauraro yana rayuwa ne ta hanyar narka haidrojin ya zama hiliyam a cibiyarsa. Rana ta shafe shekara biliyan 4.6 tana wannan aiki, kuma tana da sauran kimanin biliyan 5. Idan haidrojin ɗin cibiya ya ƙare, sai tauraron ya kumbura ya yi ja, daga baya ya fara ƙona hiliyam yana samar da kabon da oksijin. Taurarin da nauyinsu ya haura na rana sau 8 sukan ƙare da gagarumar fashewa. Waɗanda ba su kai haka ba, kuma su ne mafiya rinjaye, suna mutuwa ne a hankali kamar wutar ƙaiƙayi.

A matakin ƙarshe irin wannan tauraro kan ninka faɗin rana sau ɗaruruwa. Idan rana ta kai wannan hali za ta haɗiye duniyoyin Makyuri da Zuhura, wadda Hausawa ke kira Zara. Tauraron kan riƙa kumbura yana motsewa kamar mai numfashi, kuma kowane bugu yana tura iskar jikinsa waje. Idan iskar ta yi nisa ta huce zuwa ƙasa da digiri 1,500 ko makamancin haka, sai ta daskare ta zama ƙwayoyin ƙura. Hasken tauraron ya tura ƙurar, ƙurar ta ja iska tare da ita, a samu guguwa mai gudun kilomita 10 zuwa 20 a daƙiƙa. A ƙarshen wannan mataki wasu taurarin kan zubar da abin da ya kai nauyin duniya sau 30 a shekara guda.

Akwai misalin da mazaunin Batsari ko Safana zai iya gani da idonsa. Tauraron Mira, wanda David Fabricius ya lura da shi a 1596, yana bayyana a farkon dare a watannin kaka da hunturu. Cikin kwana kusan 332 yakan yi haske har a gan shi ba tare da na'ura ba, sannan ya dusashe ya ɓace, ya sake dawowa. A hasken gani sauyin yakan kai ninki ɗaruruwa, amma a infared ninki kaɗan ne, domin da tauraron ya ɗan huce sai yawancin haskensa ya koma inda ido ba ya kaiwa.

Wasu taurarin sun wuce Mira a wannan hanya, ƙura ta rufe su ruf. A 1969 Eric Becklin da abokan aikinsa a Kalifoniya suka bayyana wani mai suna IRC+10216. A na'urar hangen nesa ta yau da kullum da ƙyar ake tsinkayarsa, amma a infared yana cikin abubuwa mafiya haske a wajen dangin rana. Tauraro ne mai tarin kabon wanda ya binne kansa cikin abu mai kama da kunkunniya.

Zangon riƙon ƙwarya

Idan tauraro ya zubar da kusan dukkan mayafinsa, guguwar takan lafa. Abin da ya rage shi ne cibiya mai ƙara zafi, kewaye da ɓawon ƙura da iska da ke ci gaba da buɗewa. Cibiyar ba ta yi zafin da za ta kunna iskar ta haskaka da kanta ba, tsohon tauraron kuma ya riga ya tafi. Wannan zango na riƙon ƙwarya ba ya wuce shekaru ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai, ƙiftawar ido idan aka gwada da rayuwar biliyoyin shekaru. Gajartarsa da kaurin ƙurarsa ne suka sa ya daɗe a ɓoye.

An fara gano irin waɗannan abubuwa a shekarun 1970, lokacin da ɗakin binciken rundunar sojin saman Amurka ya riƙa harba rokoki ɗauke da na'urorin infared don taswirar sararin sama. Daga cikin abin da aka samu akwai wanda Edward Ney da abokansa suka bayyana a 1975, ake yi masa laƙabi da Gajimaren Ƙwai. Ƙura mai kauri ta ɗaure masa ƙugu ta rufe tauraron, haske kuma yana tsirgowa ta sama da ƙasa kamar fitilar mota cikin hazo.

Babban sauyi ya zo a 1983 da tauraron ɗan'adam na IRAS, aikin haɗin gwiwar Amurka da Holan da Birtaniya. Cikin wata 10 ya duba kashi 96 cikin 100 na sararin sama a maikron 12 da 25 da 60 da 100, kuma babban kundinsa ya ƙunshi maɓuɓɓugan haske kusan 250,000. A cikin kundin masana suka nemi wata alama ta musamman. Tauraro na yau da kullum yana da ƙololuwar haske guda ɗaya. Wanda ke zangon riƙon ƙwarya yana da biyu: ɗaya ta cibiyar da ta fara leƙowa, ɗaya ta sanyayyen ɓawon ƙura a wajen maikron 25. Daga sanyin ɓawon da gudunsa ana iya ƙiyasta tun yaushe guguwar ta tsaya.

A wannan zango ne kuma siffa ke sauyawa. Tsohon tauraron yakan zubar da iskarsa kusan daidai ta kowane gefe, amma yawancin abubuwan da ke riƙon ƙwarya suna da fukafukai biyu ko siraran feshin iska masu saurin gaske. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa wani tauraro abokin zama ne ke juya iskar yana ba ta siffa. Gajimaren Bumeran, mai nisan shekarar haske kusan 5,000, iskarsa ta buɗe da saurin da ya sanyaya ta zuwa digiri 272 ƙasa da sifili, kamar yadda Raghvendra Sahai da Lars-Åke Nyman suka auna a 1995. Ba a san wani wuri a halitta da ya fi shi sanyi ba.

Lokacin da gajimare ya kama

Da zarar zafin cibiyar ya kai digiri 25,000 zuwa 30,000, haskenta mai ƙarfi yakan fizge ƙananan sassan ƙwayoyin iskar da ke kewaye, iskar ta fara walƙiya da launin kore da ja. A 1978 Sun Kwok da Christopher Purton da Pim FitzGerald suka nuna cewa wata sabuwar guguwa daga cibiyar, mai gudun sama da kilomita 1,000 a daƙiƙa, ita ke bankar tsohuwar ta tara ta ta zama zobe.

Wannan zoben ne ake kira nebula mai kamar duniya. Nebula kalmar Latin ce mai nufin hazo ko gajimare. Sauran sunan ya yaɗu ne ta hannun shi dai Herschel a shekarun 1780, domin a na'urarsa abubuwan sun yi masa kama da duniyar Yuranus da ya gano a 1781, alhali ba su da alaƙa da duniyoyi. A 1864 William Huggins ya rarraba hasken ɗaya daga cikinsu ya tabbatar da cewa iska ce mai walƙiya. Zuwa yanzu an san sama da 3,000 a babban gungun taurarin da rana ke ciki. Kowanne yakan ɗauki shekara dubu goma zuwa ashirin kafin ya watse, ya bar cibiyar, wadda ake kira farin wada: girmanta kamar na duniya, nauyinta kusan rabin na rana. Wani nazari na 2018 da Krzysztof Gesicki da Albert Zijlstra da Marcelo Miller Bertolami suka yi ya nuna cewa rana ma za ta bar irin wannan gajimare, sai dai mai rauni.

Abin da ke rubuce a cikin ƙura

Kowane sinadari yana da zangon infared da yake haskawa, kamar zanen yatsa. Ƙurar silikat, dangin yashi, tana bayyana a maikron 9.7 da 18. Haɗin silikon da kabon yana bayyana a 11.3. Manyan ƙwayoyin kabon irin na hayaƙi suna bayyana a 3.3 da 6.2 da 7.7. Ta haka ake sanin ko tauraron ya mutu da rinjayen oksijin ko na kabon. A 1989 Kwok da Kevin Volk da Bruce Hrivnak suka ga wata alama a maikron 21 a wasu taurarin riƙon ƙwarya, kuma har yau ana muhawara kan sinadarin da ke haifar da ita. A 2010 Jan Cami da tawagarsa, da na'urar Spitzer, suka gano ƙwayoyin kabon 60 da suka haɗu da siffar ƙwallon ƙafa a gajimaren Tc 1.

Na'urar James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, tana da madubi mai faɗin mita 6.5 kuma tana nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Cikin hotunanta na farko da aka fitar ranar 12 ga Yuli 2022 akwai na gajimaren NGC 3132, wanda ake kira Zoben Kudu. A tsakiyarsa akwai tauraro mai haske, amma wani dusasshe da ke gefensa ne ya zubar da gajimaren. Hoton infared ya nuna cewa wannan dusasshen yana lulluɓe da ƙura, kuma nazarin da Orsola De Marco ta jagoranta a ƙarshen shekarar ya nuna alamun wasu abokan zaman da suka taimaka wajen sassaƙa zoben.

Wannan ƙura ba ta tsaya a can ba. Takan gauraya da gajimaren da sababbin taurari da duniyoyi ke fitowa daga cikinsu. A dutsen da ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostireliya a 1969, an samu ƙwayoyin silikon da kabon da suka girmi rana, mafi yawansu daga irin waɗannan tsofaffin taurari. Nazarin Philipp Heck na 2020 ya ƙiyasta cewa wasu sun kai shekara biliyan 7. Kaso mai yawa na kabon da naitrojin da ke cikin gero da dawa da jikin manomin da ya shuka su ya bi ta wannan hanya. Ƙasar Katsina ma ta taɓa karɓar baƙo daga sama: dutsen Zagami mai nauyin kilo 18 da ya faɗo ranar 3 ga Oktoba 1962. Shi daga duniyar Mas ya zo, kuma narkewar da ya yi a can ta shafe irin waɗannan tsofaffin ƙwayoyi. Gutsattsarinsa da yawa suna ɗakunan bincike da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje.

Idan aka juyo da na'urar ƙasa

Taurarin ɗan'adam masu kallon duniya suna aiki da ƙa'idar da aka bayyana a sama. Na'urorin MODIS da VIIRS na Amurka suna gano wuta ta haskenta a wajen maikron 4, kuma hukumar NASA tana wallafa wuraren kyauta a shafinta na FIRMS cikin 'yan sa'o'i. Lafiyayyen ganye kuma yana mayar da infared na kusa da ja da ƙarfi, ƙonanne ba ya yi. Da wannan bambanci ne ƙungiyar Amnesty International ta nuna ɓarnar Boko Haram a Baga da Doron Baga a Janairun 2015, inda hotunan ranakun 2 da 7 ga watan suka nuna gine-gine sama da 3,700 da aka lalata. Tauraron NigeriaSat-1 na 2003 da NigeriaSat-2 na 2011 su ma an ƙera su da idon da ke ganin wannan zango.

Ga al'ummomin da ke gefen dajin Rugu wannan ba labarin nesa ba ne. A Fabrairun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari, suka cinna wa gidaje wuta. A wuraren da 'yan jarida ba sa iya shiga, hoton sama yana iya zama shaida mai zaman kanta game da abin da aka ƙone da ranar da aka ƙone shi, da gonakin da aka daina nomawa. Fasahar tana da iyaka: ɗigo ɗaya na VIIRS ya rufe faɗin mita 375, ba ya bambance gobarar daji da ta rumbu, gajimare yana tare shi, kuma ba ya faɗin wanda ya kunna wutar. Shi ya sa ake buƙatar mai karanta hoton ya san kimiyyar, ya kuma san ƙasar.

Batsari da Safana suna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, inda kusan dukkan sararin sama ke ratsawa cikin shekara. Zoben Kudu, wanda ba ya taɓa ɓullowa a saman Landan, yana hawa sosai a saman Runka da Ruma a daren bazara. Yankin bai dace da na'urar infared ba saboda rashin tsauni mai tsayi da yawan ƙura, amma aikin yanzu ba ya buƙatar mallakar na'ura. Kundin IRAS da bayanan Spitzer a buɗe suke ga kowa, na Webb kuma suna fitowa fili a rumbun MAST, galibi bayan shekara guda. Ɗalibin fiziks a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, zai iya sauke su da kwamfuta da intanet.

A nan ne siyasa ke shigowa. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana da Dutsin-Ma, na tsawon watanni. Satar ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020 ta jawo rufe makarantu a jihar. Cibiyar nazarin falaki ta hukumar NASRDA tana Nsukka, nesa da arewa maso yamma. Katsina ta taɓa fitar da Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741. Ko za ta sake fitar da irinsa ya dogara da abubuwan da ake yanke hukunci a kansu a majalisar dokoki da kasafin kuɗi: malaman fiziks a sakandaren karkara, wutar lantarki da intanet a ɗakunan gwaji, da tsaron da zai bar yaro ya kwana a makaranta. Waɗannan tambayoyi ne da matasan yankin za su iya ajiye wa duk mai neman ƙuri'arsu.